Wa Ke Ƙarƙashin Rigar?

Idan gero ya fara ƙosawa a gonakin ƙasar Kebbe, ko shinkafa ta fitar da kai a fadamun da ke bin Gulbin Zamfara, manomi yakan shiga ɗaki ya lalubo rigar da ta fi kowace yagewa. Sai ya sami sanda biyu ya ɗaure su a gicciye, ya zura musu rigar, ya cusa ciyawa a ƙirji don ya yi tudu, ya kifa fasasshiyar ƙwarya ko tsohuwar malafa a sama. Wani yakan ƙara da doguwar igiya, ya rataya mata gwangwanaye da tsummoki da leda, ya ja bakinta har rumfar da yaro zai wuni. Da jan-baki sun sauko, yaro ya fizgi igiya, gwangwani ya yi ƙara, hannun riga ya kaɗa, tsuntsaye su tashi fir. Mai wucewa ta kan hanya zai iya rantsewa wani ne tsaye a tsakiyar gona yana taka rawa.

Sunan wannan abu mutum-mutumi, kuma shi ne sunan da gidajen rediyo da jaridun Hausa suka ɗauko suka ba injin zamani mai tafiya da ƙafa biyu. Zaɓin ya dace. A Hausa, ninka kalma yakan rage mata ƙarfi: fari-fari bai kai fari ba, barci-barci ba barci ba ne sosai. Mutum-mutumi ya ɗauko kamar mutum amma bai kai shi ba. Sunan da Turawa ke kiran injin da shi kuwa daga wani wasan kwaikwayo ya fito, wanda marubucin ƙasar Cek, Karel Čapek, ya wallafa a 1920, kuma tushen kalmar a harshensu aikin tilas ne, irin wanda talaka ke yi wa ubangidan ƙasa. Su aikin suka duba suka raɗa suna. Bahaushe sura ya duba. A kan surar ne kuma ya daɗe yana muhawara, tun kafin a san wutar lantarki a Tambuwal.

Yara ne suka fi kowa ƙera irin waɗannan abubuwa. Bayan girbi, kara ya wadata, sai yaro ya zauna gindin bishiya ya ɓare ɓawon, ya yanka totuwar gunduwa-gunduwa, ya harhaɗa motar kara mai ƙafa huɗu da ke juyawa. Yarinya kuma ta sami ƙashi ko kara ko laka ta yi 'yar tsana, ta yi mata kitso da zare, ta ɗaura mata ƙyallen da ta roƙo wajen tela, ta goya ta a baya tana jijjigawa kamar yadda ta ga uwarta na yi. Idan azumi ya kai kwana goma aka fara tashe, 'yar tsana takan fita waje. A wasan Mairama da Daudu, 'yan mata sukan yi mata ado irin na amarya, su shiga da ita gida-gida suna waƙa, matan gida su ba su hatsi ko kuɗi. Darasin zaman aure ne ake rerawa, 'yar tsana ce kawai aka sa a gaba.

Manya ma suna da nasu. Cikin masu yawon wasa da ke bin kasuwannin ƙasar Hausa, akwai gardawa masu kura da maciji da biri mai rawa, akwai 'yan kama, akwai 'yan gambara, sannan akwai 'yan dabo masu rufa-ido. Wani reshe na dabo shi ne wasa da 'yan tsana masu motsi da magana, wanda aka fi sani da dabo-dabo. Hausawan Nijar suna ce musu ɗiyan dabo, da irin lafazin da mutumin Tambuwal ba zai ji baƙonsa ba. Turawan mulkin mallaka biyu sun rubuta abin da suka gani na wannan wasa a Borno, Alexander a 1910 da Ellison a 1935, kuma tsarin da aka bayyana abin sha'awa ne. Mai wasa yakan kafa sanda ya yafa mata babbar riga ta zama kamar ƙaramar rumfa, ya shige ƙarƙashi ya ɓuya. Ta wuyan rigar 'yan tsanar ke leƙowa, ɗaya bayan ɗaya, yana sarrafa su da yatsu. A bakinsa akwai ɗan abin busa da aka yi da ɓawon ƙwan jimina, wanda ke mayar da muryarsa siririya kamar ba ta ɗan Adam ba. A waje kuma makaɗa suna kiɗa, wani yana amsa wa 'yan tsanar yana fassara wa jama'a abin da suka ce. Budurwa ta fito ta yi rawa, ɓarawo ya fito a kama shi, mai kwaɗayi ya sha kunya.

Abin lura a nan shi ne ƙarshen wasan. Kowa a wurin ya san akwai mutum a ƙarƙashin riga, har ƙaramin yaron da ya tsorata da farko. Idan an tashi, mai dabo zai fito yana share gumi, ya karɓi abin da aka jefa masa. In 'yar tsanarsa ta yi wa wani habaici ya wuce gona da iri, an san wanda za a kama a kai gaban sarkin kasuwa. Ba a taɓa jin an kai ƙarar 'yar tsana ba.

Irin wannan wasa bai taƙaita ga Hausawa da Barebari ba. Tibi na Binuwai suna da Kwagh-hir, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2019, mutanen Markala a Mali ma an sa nasu tun 2014. Amma a ƙasar Sakkwato wasan ya sami kansa a gaban malamai masu tambaya.

Tambuwal gari ne da ilimi ya reni sarautarsa. Lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake Sifawa, wajen 1812, ya rarraba kula da ƙasa: yamma ga ƙanensa Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, wani ɗan nasa kuma, Muhammadu Buhari, ya sami rabo a kudu. Tambuwal ta zama mazauninsa, ribaɗi a tsakanin Sakkwato da ƙasashen da ba su kwanta ba tukuna, kuma zuriyarsa ce ta riƙe sarautar garin. Buhari malami ne kuma mawaƙin Larabci. Wato garin ya tashi a tsakiyar gidan da ya fi kowane gida a ƙasar Hausa tattauna halalcin kiɗa da wasa. A Kitabul Farƙi, Shehu ya soki sarakunan Haɓe da shagala da kaɗe-kaɗe da bushe-bushe, amma ya bar ƙofa ga gangar da aka buga don wata bukata ta shari'a, kamar tara runduna. Abdullahi na Gwandu ya fi tsanantawa. Daga baya, a Najmul Ikhwan, Shehu ya sassauta, ya ja hankalin almajirai da kada su yi gaggawar haramta abin da malamai suka yi saɓani a kansa. Wa da ƙane ne, kowa da hujjarsa, kuma ba wanda ya fitar da ɗan'uwansa daga addini.

Game da sura kuwa, malaman Malikiyya da ake karanta littattafansu a zaurukan Sakkwato da Gwandu sun yi rarrabewa mai kyau. Abin da suka haramta ƙerawa shi ne siffar mai rai, mutum ko dabba, wadda take da jiki har tana yin inuwa, kuma gaɓoɓinta sun cika. Idan zane ne a takarda ko bango, hukuncin ya sauko. Idan an rage mata gaɓar da ba a rayuwa sai da ita, hukuncin ya canza. Siffar bishiya ko jirgi ba laifi. Sannan suka keɓe 'yar tsanar yara mata suka halatta, saboda ya tabbata a hadisi cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har a ruwayar Abu Dawuda akwai doki mai fukafukai a cikinsu. Dalilin hanin a bayyane yake: tsoron komawa bautar gumaka, da kuma girman kan mai ƙira da zai ji kamar yana gasa da Mahalicci. Dalilin sassaucin ma a bayyane yake: yarinya na koyon reno. Da wannan ma'auni, mutum-mutumin gona mai kan ƙwarya bai taɓa zama abin damuwa ba.

Wani labari da ya kamata ɗaliban fiƙihu na wannan yanki su riƙa ji shi ne na Shihabuddin al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Alƙahira, mai littafin Zakhira da Furuƙ, wanda ya rasu a 1285. A cikin sharhinsa Nafa'isul Usul ya ba da labarin wani ma'ajin kyandir da aka ƙera wa Sarki al-Kamil, wanda ke buɗe ƙofa duk sa'a wani ɗan mutum-mutumi ya fito. Sai ya ce shi ma ya ƙera irinsa da hannunsa, har ya yi ƙari. A nasa akwai zaki da launin idanunsa ke sauyawa duk sa'a, kuma idan alfijir ya keto wani ɗan mutum yakan hau sama ya sa yatsa a kunne, alamar kiran salla. Abu ɗaya ya ce ya gagare shi, sa shi ya yi magana. Malamin da ya san hukuncin sura fiye da yawancin masu jayayya a kai yau, shi ne ya zauna yana gyara ƙarfe da zare don a san lokacin asuba.

Ba shi ya fara ba. A Bagadaza, a ƙarni na 9, 'yan'uwa uku da ake kira Banu Musa sun rubuta littafin dabaru mai na'urori kusan 100, sun kuma bayyana wata sarewa mai busa kanta. A 1206, Isma'il al-Jazari, injiniyan fadar sarakunan Diyarbakir a ƙasar Turkiyya ta yau, ya kammala littafinsa mai na'urori 50. A ciki akwai kwalekwale ɗauke da makaɗa huɗu na ƙira, waɗanda ruwa ke motsawa su yi kiɗa a tafkin fada, akwai kuma hadimi na ƙira mai zuba ruwan wanke hannu ya miƙa tawul. Makaɗin da ba ya numfashi ya girmi Amurka da ɗaruruwan shekaru, kuma da Larabci aka rubuta yadda ake haɗa shi. Shugabannin Sakkwato ma ba baƙin na'ura ba ne. Da Hugh Clapperton ya iso wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, cikin kyaututtukan da ya kawo, tabarau mai hango nesa da na'urar nuna shiyya ne suka fi ɗaukar hankalin Sarki, musamman da aka nuna masa za ta taimaka wajen gane gabas a duk inda mutum yake.

Yanzu a dawo zamaninmu. A watan Disamban 2020 kamfanin Boston Dynamics na Amurka ya saki bidiyon injunansa suna rawa, duniya ta ɗauka. A ƙarshen Janairun 2025, a shirin talabijin na daren sabuwar shekarar Sinawa, mutum-mutumi 16 na kamfanin Unitree suka hau dandamali tare da 'yan rawa mata, sanye da 'yar shara mai furanni, suna juya ƙyalle a hannu suna jefa shi sama suna cafewa. Shahararren mai shirya finafinai Zhang Yimou ne ya tsara wasan. Irin waɗannan bidiyoyi ne ke yawo daga waya zuwa waya har teburin mai shayi, kuma abin da ake fara cewa sananne ne: wani ya ce ikon Allah, wani ya ce ƙarshen duniya ya zo, wani ya tambaya ko wannan ba shi ne kwaikwayon halittar da aka hana ba.

Wanda ya san rawar ƙasar nan zai ga abin da babu a dandamalin nan. A nan makaɗi da mai rawa zance suke yi. Mai kalangu yana kallon ƙafar mahauci, in ya ga jininsa ya hau sai ya sauya take. Makaɗin noma a gayya ya san sunan kakan kowane saurayi, kuma kirarin da zai yi wa wannan ba shi zai yi wa wancan ba. Ɗan hoto da ke cilla garma sama ya tare ta da jikinsa, abin da ke sa jama'a riƙe numfashi shi ne sanin cewa ƙarfen na iya yanka shi. Maƙera in an kaɗa musu dundufa suna wasa da jan ƙarfe, fatar mutum ce a kusa da wuta. Injin da aka horar da takunsa a kwamfuta tun kafin ranar wasa ba shi da kakan da za a ambata, ba ya jin kunya in ya faɗi, kuma in aka liƙa masa kuɗi a goshi ba shi da iyalin da zai kai wa. Burgewarsa ta gaske ce, amma masu ita suna bayan labule: injiniyoyin da suka shafe watanni suna gyara yadda gwiwa za ta lanƙwashe. Dabo-dabo ne, sai dai rigar ta yi girma har ba a ganin gefenta.

Shi ya sa tsayawa a kan tambayar sura kaɗai ba zai wadatar ba. Na'urorin da suka fi shafar rayukan mutane a yau, da yawansu ba su da fuska ko kaɗan. A ƙasashen Larabawa na bakin Tekun Fasha, an daɗe ana ɗora ƙananan yara a kan raƙuman tsere, yaran da ake kwasowa daga Pakistan da Bangladesh da Sudan, ana hana su ƙoshi don kada su yi nauyi. Wajen 2005 Ƙatar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka hana, aka maye gurbinsu da ɗan inji mai bulala wanda mai raƙumi ke sarrafawa daga cikin mota. Wannan inji ya fitar da yara daga wahala, kuma duk mai tausayi zai yi murna da shi. A Masallacin Harami na Makka, hukumar da ke kula da shi ta shigo da na'urori masu yawo da kansu, wasu na feshin tsafta, wasu na raba ruwan Zamzam, wasu na amsa tambayoyin alhazai a harsuna 11, har da Hausa. An yi su ba tare da cikakkiyar surar mutum ba, kuma alhajin Kebbe zai iya tsayawa gaban ɗaya ya yi tambaya da harshen uwarsa.

Ɗaya fuskar kuwa ba ta da daɗin faɗi. Ƙafar da ta iya rawa ita ce ƙafar da ta iya hawa dutse da kaya. Boston Dynamics ta yi shekarunta na farko da kuɗin binciken ma'aikatar tsaron Amurka. A watan Oktoban 2022 kamfanoni shida, ciki har da ita da Unitree, suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa cewa ba za su ɗora makami a kan injunansu na amfanin yau da kullum ba. Alkawari ne mai kyau, amma bai ɗaure hannun mai saye ba. A watan Mayun 2024, a wani atisaye da aka yi a Kambodiya, sojojin Sin suka nuna inji mai ƙafa huɗu da bindiga a bayansa. A Disamban 2023 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudurinsa na farko kan makamai masu zaɓar abin hari da kansu, ƙasashe 152 suka goyi baya, amma ƙuduri ne na a tattauna, bai hana kowa ƙerawa ba.

Maƙerin gargajiya ya san wannan nauyi tun da daɗewa. Wuta ɗaya da uwar maƙera ɗaya ke fitar da fartanya da takobi, kuma a gari irin Tambuwal ko Dogon Daji an san maƙerin da ya ƙera kowanne, an san wanda ya saya. Jikokinsa masu walda a bakin titin Sakkwato zuwa Jega, waɗanda ke haɗa injin sussuka da amalanken shanu, har yanzu haka suke: in injin ya ci yatsan wani, mai shi ya san shagon da zai koma. Wannan sanayya ce ginshiƙin amana tsakanin mai ƙira da jama'a, kuma ita ce sabuwar fasaha ke neman yankewa. Mai ƙira yana wata nahiya, mai saye yana wata, mai danna maɓalli yana cikin ɗaki mai sanyi yana kallon allo, wanda abin zai faɗa wa kuwa bai san ko ɗaya daga cikinsu ba. Malaman da suka gaji zauren Buhari ɗan Shehu suna da kayan aikin wannan bincike a hannunsu, domin babin lamuni da diyya da kisan kuskure ya fi babin sura faɗi a littattafan Malikiyya. Nan ne ya kamata muhawarar ta fi zafi.

Arewa ta riga ta ɗanɗana. A daren 3 ga Disamban 2023, jirgi maras matuƙi na sojojin ƙasa ya jefa bam kan masu taron Mauludi a Tudun Biri, cikin ƙaramar hukumar Igabi ta Jihar Kaduna. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85, rundunar soja kuma ta amsa cewa kuskure ne. Mutane ne suka sarrafa jirgin, daga nesa, kuma waɗanda ke ƙasa ba su ga fuskar kowa ba.

Shekara biyu bayan haka abin ya iso ƙasar Tambuwal da kanta. A daren 25 ga Disamban 2025, mutanen Jabo suka ga sama ta yi ja, suka ji ƙarar da ta girgiza gidaje. Amurka ce ta kai hari kan 'yan bindiga a Jihar Sakkwato, kuma gwamnatin tarayya ta ce tarkacen makaman da aka harba ne suka faɗo a wurin. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Da gari ya waye jama'a suka fita suka tarar da ƙonannen wuri da gutsattsarin ƙarfe warwatse a cikin gona, irin gonar da ake kafa mutum-mutumi a cikinta da damina. Bayanin wanda ya harba da dalilinsa kuwa a rediyo da waya suka ji shi, daga Washington da Abuja.